Makarantar Cire Tsoron Allura ta Ba-Gudu

A bakin layin, tsakanin shagon tela da shagon aski, akwai wata rumfar kwano inda wani mai walda yake aiki. Ya haura hamsin, ƙirjinsa kamar ƙofar gareji, muryarsa kuma ta fi ta injinsa ƙara. Ba-Gudu ake ce masa. Shi ya raɗa wa kansa sunan, ya yi ta maimaita shi har mutane suka gaji suka karɓa.

A faɗarsa, tun da uwarsa ta haife shi bai san yadda tsoro yake ba. Tartsatsin walda ya sha sauka a wuyansa bai ko kaɗe ba. Ya taɓa riƙe ƙofar ƙarfe da ta ɓalle da hannu ɗaya, yana shan shayi da ɗayan. Ya taɓa korar ɓarayi da gyaran murya kawai, kuma yawan ɓarayin yakan ƙaru gwargwadon yawan masu sauraro. Tela da Mai Aski sun ji labaran nan har sukan taya shi idan ya manta wani wuri.

Mutum ɗaya ce ta san abin da ke ƙasa, matarsa. Ta san cewa idan za ta ɗinke maɓalli sai ta jira ya fita. Ta san dalilin da ya sa ba ya shiga shagon Tela, sai dai ya tsaya a bakin ƙofa a auna shi, wai shagon zafi ne da shi. Ta kuma san abin da ya sa duk zazzaɓin da ya kama shi ƙwaya yake cewa a ba shi, wai allura ba ta huda fatar mai walda, kada a yi asararta. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Mace ce mai ƙarancin magana, irin wadda in ta dube ka ta gefen ido ka gwammace ta zage ka.

Ana nan sai Auta, 'yarsu mace ɗaya tilo, ta haihu kafin lokaci. Jaririyar bakwaini ce, 'yar mitsitsiya, ta daɗe a kwalba a asibiti, dangi ba sa ganinta sai ta bayan gilashi. Ba-Gudu ya fi kowa daɗewa a jikin gilashin nan. Da ya dawo ya shaida wa mutanen layi cewa yarinyar ta ɗaga masa hannu, kuma damtsenta irin nasa ne sak.

Ranar da aka sallame su, likita ya ja wa Auta kunne. Ya ce tarin shiƙa yana yawo a gari, yarinya irin wannan kuwa ba za ta jure shi ba, don haka duk babban da zai ɗauke ta sai ya yi allurar rigakafi tukuna. Auta ta kira mahaifinta a waya ta faɗa masa. Ya yi dariya, ya ce ai shi tari ma tsoronsa yake ji.

"Baba, ba wasa nake yi ba," in ji ta. "In ba ka yi ba, ta taga za ka riƙa ganinta. Kuma ba bakinka zan ji ba, Mama zan tambaya."

Ba-Gudu ya san taurin kan Auta, don a wurinsa ta gada. A makon nan kuma aka sanar cewa ƙaramin asibitin da ke ƙarshen layi zai yi wa manya rigakafin kyauta ranar Asabar. Ƙofofi duk sun rufe. Ya kwana biyu ba ya cika baki, har Tela ya leƙo ya tambaye shi ko lafiya.

Sannan dabara ta faɗo masa. Ya tuna cewa a kowane taro, mai shirya layi ba ya shiga layi. Wanda ke cewa ku matsa, ku zauna, saura kai, ba wanda ke tambayarsa ina nasa. Saboda haka shi zai zama jagoran matsoratan unguwa. Zai koya musu jarumta, ya tasa su gaba zuwa asibiti, ya raka ɗaya daga cikinsu bayan labule, ya fito da filasta a damtse. Matarsa ta ga filasta, ta shaida wa Auta, ya ɗauki jikarsa, fatarsa kuma ba wanda ya taɓa.

Washegari ya samu fallen kwano ya rubuta da jan fenti: MAKARANTAR CIRE TSORON ALLURA, KYAUTA. Ya rataye a gaban rumfa, ya jera bencina.

Matsala ta farko ita ce ba matsoraci a layin. Tela ya ce shi kullum sai allura ta soke shi kafin ya karya kumallo. Mai Aski ya ce an sha yi masa, bai taɓa ɗaukarta komai ba. Iya mai kanti, wata tsohuwa mai ciwon suga da ke yi wa kanta allura kowace safiya, ta jawo kujerarta ta zauna a gaba, ta ce ita kallo ta zo. Wasu mutane da ke jiran mota suka cike sauran bencin saboda inuwa.

Ba-Gudu ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya ce tsoron yana nan, ɓoye shi suke yi, kuma cutar da aka ɓoye ita ke kisa. Ya ce kafin mutum ya ci galabar abokin gaba sai ya san shi ciki da bai. Daga nan ya shiga bayanin allura. Ya faɗi yadda take ɓula fata, ta ratsa nama, ta wuce jijiya, wani lokaci har ta ƙwanƙwasa ƙashi. Ya tsaya ya sha ruwa. Ya ce akwai wadda ke lanƙwashewa a ciki, akwai kuma wadda ke karyewa, guntun ya bi jini ya yi ta yawo, yau a kafaɗa gobe a gwiwa. Ya sake shan ruwa. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga, ya ce zafin injin ne, alhali injin a kashe yake.

Mai Aski ya ɗaga hannu ya tambaya ko da gaske tana karyewa a ciki. Ba-Gudu ya ce ba kasafai ba, shi ma mutanen da ya sani da hakan ta faru da su ba su da yawa. Mai Aski ya sauke hannunsa a hankali, ya shafa damtsensa.

Sai aka zo babban darasi. Ba-Gudu ya yaye wani buhu da ya lulluɓe abu a gefen rumfa. Sirinji ne ya ƙera da bututun tsohon famfo, tsawonsa ya kai na mutum, da sandar rodi da aka feƙe a bakinsa. Ya bayyana cewa duk wanda ya ƙura wa wannan ido ya saba da shi, idan ya ga na asibiti zai ga kamar bakin sauro. Masu jiran mota biyu suka tashi suka koma rana. Mai Aski ya ce ya tuna ya bar ruwa a wuta, ya shiga shagonsa, aka ji ya sa sakata.

"Wanzami ba ya son jarfa," in ji Iya, tana gyara zama.

Ba-Gudu ya sunkuya ya ɗaga sirinjin don ya nuna yadda ake fuskantarsa. Wani sartsen ƙarfe mai tsatsa ya shige masa yatsan dama, ya nutse. Ya ajiye sirinjin, ya dubi yatsan. Tela, da yake mutum ne mai son taimako, ya zaro allura daga wuyan rigarsa, ya matso, ya ce kawo a cire tun bai yi nisa ba.

Ba-Gudu ya ja da baya har bayansa ya haɗu da bango. Ya ce a bar shi, jikinsa ƙarfe ne, sartsen 'yan'uwansa ya tarar. Tela ya ce abin bai fi ƙiftawar ido ba.

"Mayar da abin nan inda ka ciro shi," in ji Ba-Gudu. "Kana tsorata min ɗalibai."

Tela ya waiga. Iya ce kaɗai ta rage a kujerarta, tana cin gyaɗa.

Kafin faɗuwar rana labarin allura mai yawo a jini ya zagaye unguwa. Mutanen da suka yi niyyar zuwa ranar Asabar suka fara cewa sai sun yi shawara. Wani ma ya ce tun shekaran bara yake jin wani abu na motsi a kafaɗarsa, yanzu ya gane. Mata suka zo wa matar Ba-Gudu da ƙorafi cewa mijinta ya hana mazajensu rigakafi. Ta saurare su, ta ba su ruwa, da ya shigo ta ce masa duk wanda ya tsorata shi zai kai shi asibiti da kansa. Ba-Gudu ya ce dama aikinsa ke nan. A ransa kuwa murna ya yi, don yawan taro shi ne rufin asirinsa.

Da safiyar Asabar yatsan ya kumbura ya yi suntum, yana zogi har gwiwar hannu. Ba-Gudu ya shige banɗaki da filastar da ya ɗauko a akwatin matarsa, da 'yar auduga da ya tsakuro daga cikin matashin kai. Tunda hannun dama ba ya moruwa, da hagu ya yi aikin, hagu kuwa damtsen dama kaɗai yake iya kaiwa. Ya manna, ya ƙara wani layin a giciye don kada ta ɓalle, ya sa riga mai dogon hannu. Da ya fito ya tarar da matarsa a ɗaki tana duban matashin. Ta dube shi. Ya ce ɓeraye sun yi yawa a gidan nan. Ta ɗauki mayafinta.

Ya bi gida gida yana busa usur. Waɗanda ya tsorata suka fito, ba don sun daina tsoro ba, sai don su ga yadda za a ƙare. Tela ya lallaso Mai Aski, wanda idonsa ya nuna bai yi barci ba. Ba-Gudu ya ɗora babban sirinjin a baro, ya ce ɗalibai su riƙa kallonsa a hanya don bita, ya tura da hannu ɗaya da rabi, jama'a na biye.

Abin da bai sani ba shi ne ranar ce kuma iyaye mata ke kawo yara nasu rigakafin. Farfajiyar asibitin cike take, yara na zaune lafiya a cinyar iyayensu. Baro ya shigo. Yaron farko da ya ga sirinjin ya ƙura masa ido yana lissafi, sannan ya buɗe baki. Sauran suka karɓa. Wasu suka shige ƙarƙashin benci, wata ta haye bayan uwarta har ta tuɓe mata ɗankwali, wani ya nufi ƙofa uwarsa na binsa da takalmi ɗaya.

Nas ta fito. Gajeriyar mace ce mai tabarau, ba ta da saurin magana. Ta dubi yaran, ta dubi baron, ta tambaya na wane ne. Ba-Gudu ya ce kayan koyarwa ne. Ta ce ya fitar da shi waje, in ba haka ba za ta samo masa amfani. Ya tura baron bakin ƙofar shiga, ya sauke sirinjin ya jingina a nan, ya dawo yana cewa ilimi dama ba kowa ke gane shi da wuri ba.

Kafin zuwansa layi ɗaya ne a tsare. Ya shiga gyara shi da usur, ya zama layi biyu, kowanne na cewa shi ne na asali. Ya raba maza da mata, ya sake raba su da tsawo, ya mayar da wani tsoho baya saboda fuskarsa ba ta nuna shiri ba. Iya ce ta farko. Ya dafa kafaɗarta ya fara jawabin ƙarfafa gwiwa, ya juya ga jama'a don su amfana. Kafin ya kai tsakiya ta shiga ta fito, ta koma ta tsaya inda take, tana jira ya gama.

Da aka zo kan Mai Aski, sai ya toge a bakin ƙofa. Ba-Gudu ya ga damarsa. Ya ce wannan sai da rakiya, ya rungumo shi suka shiga bayan labule.

Ɗakin ƙarami ne, yana warin magani. A kan tebur akwai faranti, a kan farantin kuma abubuwan a jere, kowanne cikin ledarsa. Ba-Gudu ya gan su sau ɗaya. Ya cafke Mai Aski ta baya, ya juya fuskarsa bango, ya runtse ido, ya shiga cewa kada ka kalla, yi numfashi, ka tuna kai namiji ne, yanzu za a gama. Nas ta naɗe hannun rigar Mai Aski, ta shafa auduga, ta yi abin da za ta yi, ta manna masa filasta. Mai Aski ya tambaya yaushe za a fara. Ta ce an gama tuntuni. Ba-Gudu bai ji ba. Yana nan ido rufe yana cewa saura kaɗan, yi haƙuri, kowa da ranarsa. Sai da Nas ta taɓa shi ta ce ya saki mutum ya samu iska.

Mai Aski ya fito yana dafe da haƙarƙari. Ya shaida wa masu jira cewa allurar ko cizon tururuwa ba ta kai ba, amma kada kowa ya yarda da rakiya.

Ba-Gudu ya ɗan dakata a jikin labule, ya naɗe hannun rigarsa, ya fito baranda yana ɗaga damtse. Ya sanar cewa tunda ya shiga, ya ce a haɗa da shi a wuce wurin, kuma sai da ya roƙi Nas ta ƙara dannawa don bai ji komai ba. Wasu suka tafa.

Iya ta sa tabaranta. Ta ce abin mamaki, kowa a hagu aka yi masa, shi a dama. Ya ce hagunsa ya fi ƙarfin allura. Ta ce kowa filastarsa 'yar ƙarama ce mai launin fata, tasa fara ce, faffaɗa, kamar an toshe tiyo. Ya ce ramin babban mutum daban yake da na sauran jama'a. Tela ya matso ya ce gefen filastar har ya yi baƙi da gumi. Ba-Gudu ya ce jininsa ne ke da zafi.

A nan Nas ta leƙo ta kira na gaba. Ta gan shi da damtse a sama, ta ce dama shi take nema, ya shigo a yi masa tunda ya riga ya naɗe hannu. Ya ce ai an yi.

"Wa ya yi maka? Ni kaɗai ce a ɗakin."

"Ke ce mana. Saurin hannu ne da ke, ke kanki ba ki lura ba."

Nas ta sauko, ta kama gefen filastar, ta ɗaye. Gashi ya biyo ta, Ba-Gudu ya cije leɓe. Fatar na nan sumul, ko ɗigo babu. Audugar ta faɗo ƙasa, da wani ɗan zare shuɗi a jikinta. Matarsa, wadda ke tsaye a layin mata da nata filastar, ta sunkuya ta ɗauka.

"Ashe nan ɓeran ya kawo ta," in ji ta. Ta sa a jaka.

Ba-Gudu ya ɗaga yatsa zai yi bayani, ya manta wane yatsa ne. Nas ta riƙe wuyan hannun, ta juya shi, ta tambaya me ya same shi. Tela ya ba da labarin sartse, har da maganar 'yan'uwa. Nas ta danna gefen kumburin, ta ce ya ɗuri ruwa, sai an cire ƙarfen, kuma sai an yi masa wata allurar don kada ya ci gaba da ruɓa. Ta ce ba komai, biyu ke nan, a haɗa a wuce wurin kamar yadda ya faɗa.

Ba-Gudu ya ce ya tuna ya bar injin a kunne. Mai Aski ya ce tun safe ba wuta a layin. Ba-Gudu ya ce shi ya sa, in ta dawo fa. Ya zare hannunsa, ya fara tafiya da nutsuwa. A tsakiyar farfajiya tafiyar ta ƙara sauri. Da Nas ta ce Maigida dakata, sai tafiyar ta koma abin da duk wanda ke wurin ya shaida daga baya cewa gudu ne.

A bakin ƙofa kuwa, yara sun ture sirinjin ya kwanta a giciye. Ƙafarsa ta sarƙe, ya tafi gaba ɗaya, girarsa ta sauka a kan bakin baro. Gudun gara, ya faɗa gidan zago.

Jini ba ya damunsa. Ya tashi zaune, ya share da hannun riga, ya ce wa waɗanda suka kewaye shi ya taɓa yin wanda ya fi wannan da gangan. Nas ta iso, ta duba, ta ce wurin ya buɗe, sai an ɗinke.

"Da me?" in ji shi.

"Da allura da zare."

Ya gyaɗa kai kamar wanda aka gaya wa farashin ƙarfe. Sannan ya kwanta a hankali a gefe ɗaya, ya suma.

Aka yi ƙoƙarin ɗaukarsa, ya gagara. Tela ya kawo shawarar baro. Haka aka ɗora shi, ƙafafu na reto, Mai Aski na turawa, aka ratsa farfajiyar da shi. Yaran da ke kuka suka yi shiru suna kallo. Wani tsoho ya cire hula, sai da aka gaya masa suma ce.

Ya farfaɗo a kan gado a wani ɗaki na ciki, matarsa na riƙe da hannunsa na hagu. Tagar cike take da fuskoki. Nas ta ja labule, ta rufe ƙofa, ta jawo kujera ta zauna. Ta tambaye shi tun yaushe yake tsoron allura. Ya dubi matarsa, ya dubi silin, ya ce ba tsoro ba ne, jininsu ne bai haɗu ba.

Nas ta ce to, masu irin wannan rashin haɗuwar jinin suna da yawa, kuma ƙattin maza sun fi yawa a ciki. Ta ce da tun farko ya raɗa mata a kunne, da nan ɗakin ta kawo shi, ta kwantar da shi, ya kalli bango, a gama ba wanda ya sani. Kullum tana yi. Ba-Gudu ya tambaya ko har yau ta yi wa wani haka. Ta ce ta yi, kuma ba zai ji sunansu a bakinta ba.

Ta ce ya juya fuska bango. Ya ɗaure tsokar ƙafafunsa ya saki, ya sake ɗaurewa, don kada jiri ya dawo. Ya riƙa fitar da numfashi a hankali kamar mai hura shayi mai zafi. Ta kuma ce ta ji ana cewa ya taɓa riƙe wata ƙofa da hannu ɗaya, tana so ta ji daga bakinsa.

Ya fara. Ya ce ƙofar gareji ce. Da ya ji tsinin allurar kashe zafi a gira ya tsaya, matarsa ta matse hannunsa ta ce ƙofar fa. Ya ci gaba. Kafin a gama ɗinki ƙofar ta zama ta ma'aikata. Lokacin da ake cire sartse an samu mota a ƙarƙashinta. Da aka ce ya ɗan juya ya sassauta wando, akwai mutane a cikin motar, har da mai ciki. Yana cikin bayanin yadda shayin bai zube ba sai Nas ta tashi tana wanke hannu. Ya tambaya saura ta damtse ko. Ta ce ya duba. 'Yar filasta mai launin fata na manne a hagunsa.

Ransa ya ɗan ɓaci. Ya ce ai da ta sanar da shi, da ya nuna mata yadda ake karɓa.

Da ya fito, bandeji a gira, bandeji a yatsa, yana ɗingishi ta gefe ɗaya, farfajiyar ta fi ɗazu cika. Labari ya kai kasuwa, mutane sun zo kallo, mataimakan asibitin kuma sun sa su a layi tunda sun riga sun zo. Waɗanda ya tsorata duk an yi musu. Sun ce bayan abin da suka gani, sun gwammace guda ɗaya cikin mutunci. Nas ta ce ba ta taɓa samun jama'a irin ta yau ba.

Ba-Gudu ya tsaya a baranda, ya gyara murya. Ya ce allura uku a zama ɗaya, ban da ta ɗinki, yana so ya ji wanda ya taɓa yin haka a layin.

"Ba a zaune aka yi ba," in ji Iya. "A kwance."

Mai Aski ya tambaye shi cikin ladabi ko da ƙafa zai koma ko a kawo baro.

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi masa daɗi ba. Likita ya ce sai rigakafin ya zauna a jiki kafin a ɗauki jaririya, don haka ya yi zaman jira a rumfarsa, a gefe ɗaya na benci. Idan ya fara labarin ɓarayi sai Tela ya tambaya ko cikinsu akwai mai allura. Sunansa ma ya ƙaru. Ba-Gudu-Sai-Da-Dalili ake kiransa, yana amsa rabin farko.

Da lokaci ya yi, ya yi wanka, ya sa sabuwar riga, suka tafi gidan Auta shi da matarsa. Auta ta riga ta ji komai daga bakin mutane daban-daban, amma ta dubi uwarta ta tambaya ko an yi. Uwar ta ce an yi, har da gyara. Auta ta sa shi ya wanke hannu har gwiwa, ta zaunar da shi a kujera mai laushi, ta ɗauko yarinyar cikin tawul ta ɗora masa.

Nauyinta bai kai na guduma ba. Ya matso da ita ƙirjinsa, ya ƙi motsi. Yarinyar ta buɗe ido, ta yi hamma, ta kama bakin aljihunsa. Matarsa ta ce tun da ta aure shi ba ta taɓa jin ya yi shiru mai tsawon haka ba a farke.

Can sai suka ji yana magana ƙasa-ƙasa. Yana gaya wa jikarsa yadda aka taru a asibiti, yadda maza suka watse da ganin allura, yadda shi kaɗai ya tsaya ya miƙa hannu ya ce a kawo uku, Nas na roƙonsa ya yi haƙuri da biyu. Ya kai inda jama'a suka ɗauke shi don girmamawa suka zagaya farfajiya da shi.

"Baba, ta yi barci fa," in ji Auta.

"Ƙyale ni," ya ce, bai ɗago ba. "Duk garin nan ita kaɗai ce ba ta je wurin ba."